Wa Ya Ga Gauraka a Fadamar Guri?

(Kiɗan buɗe shiri)

Wannan shi ne shirinmu na faɗakarwa kan muhalli. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Guri da Kadira da Abunabo da Musari da Adiyani da Lafiya, da masuntan da ke cikin kwalekwale yanzu haka da rediyo a gefe, da manoman shinkafa, da makiyayan da suka sauko fadama da shanunsu. Allah ya ba kowa sa'a.

Yau maganar tsuntsaye za mu yi. Na san da na ce tsuntsu, manomin yankin nan jan-baki zai tuna, wanda ke sauka gona kamar hadari ya tashi ya bar mutum da kara. Wannan magana tana nan tafe wani makon. Ta yau a kan baƙon tsuntsu ce, wanda ba a saba gani ba, ko wanda aka saba gani a da amma yanzu ya yi wuya, da yadda mutum zai ba da shaidar ganinsa har ta shiga kundin da masana ke dogara da shi.

Mu fara da gauraka. Duk wanda ya manyanta a ƙasar Haɗeja ya san shi: dogo, baƙi-baƙi, da tukku mai ruwan zinariya a ka, da kukan nan da ake ji tun daga nesa. Shi ne tsuntsun ƙasa na Najeriya. A da dubbai ne a fadamun arewa da bakin Tafkin Chadi. Yau masana na lissafa shi cikin tsuntsayen da suka kusa ƙarewa a dajin ƙasar nan, kuma ya fi sauƙi ka gan shi yana taƙama a harabar gidan wani mai hali da ka gan shi a fadama. To, ka zauna a majalisa ka tambayi dattawa yaushe suka yi masa ganin ƙarshe a bakin ruwa. Wani zai ce zamanin Gawon, wani ya ce bayan farin da aka yi a 1984, wani ya rantse ko bara ya hango guda biyu. Kowa gaskiyarsa yake faɗa, amma da wuya ka sami wanda zai kama maka rana da wata da wuri. Maganar da ba ta da rana ba ta da wuri, a majalisa take tsayawa, ba ta shiga littafi.

Wani zai ce to in ba ta shiga ba, me aka rasa? An rasa da yawa.

Wannan fadama tamu, daga Haɗeja zuwa Guri har Nguru da Gashuwa, duniya ta san da ita, kuma tsuntsaye ne suka fara kai sunanta waje. An rubuta nau'in tsuntsu 377 a cikinta. Akwai 'yan gida irin su dinya da kirinjijiya da balbela da zalɓe da jinjimi. Akwai kuma baƙi da ke ƙetaro Bahar Rum da Sahara daga Turai da Asiya, su iso bayan damina, su yi sanyin hunturu tare da mu, su koma wajen Maris da Afrilu. Akwai yarjejeniyar kare fadamu da ƙasashe suka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan shiga jerinta shi ne a tabbatar cewa wuri yana ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 ko fiye a kai a kai. Wannan adadi ba a kawo shi da rantsuwa, sai an ƙirga an rubuta shekara bayan shekara. Tafkin Nguru da mashigar Marma sun shiga jerin a shekarar 2000, su ne na farko a Najeriya. Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008. A 2020 hukumar UNESCO ta sanya yankin Haɗeja da Nguru da Bade cikin wuraren da take ba muhimmanci na musamman. Duk lokacin da aka zauna batun ruwan da za a sako daga madatsar Tiga da ta Challawa, ko batun kacalar da ta toshe hanyoyin ruwa, mai riƙe da rubutaccen lissafi shi ake saurara. Ruwan da tsuntsu ke nema shi ne ruwan da kifi ke haihuwa a ciki, shi ne kuma ruwan shinkafarka.

Su wa ke riƙe da wannan kundi? Aikin ya daɗe. A 1964 aka kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Najeriya, tana fitar da mujalla. Daga baya ta faɗaɗa ta zama ta Afirka ta Yamma baki ɗaya, mujallar kuma ta koma Malimbus tun 1979, har gobe ana buga ta. Wani malamin Jami'ar Ibadan, John Elgood, ya tattara jerin tsuntsayen Najeriya a littafi a 1982, aka sabunta shi a 1994. A nan yankin, shirin kula da fadamun Haɗeja da Nguru ya fara aiki a 1987. Yanzu kuma akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos, wadda ake kira APLORI, tana aiki tare da Jami'ar Jos. Ita ce ta fara shirin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015. An yanka ƙasar nan gida-gida a kan taswira, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da faɗi. Mai sa-kai zai shiga gida ɗaya, ya yi aƙalla awa 2 yana rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji, ya aika ta manhajar waya mai suna BirdLasser. Akwai wata manhajar kuma, eBird, ta Jami'ar Cornell da ke Amurka, wadda duk duniya ke amfani da ita. Malamai da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse ma suna shigowa fadamar nan suna ƙirga.

Amma masanin da ya taso daga Jos ko Dutse kwana nawa zai yi a Guri? Zai zo ya koma. Masunci kuwa kullum yana kan ruwa tun asuba. Ni dai a ganina babbar asarar da ake yi ita ce wannan: waɗanda suka fi kowa gani su ne ba a jin shaidarsu, domin ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake ba da ita.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka buɗe rediyonku, muna magana ne kan yadda ake rubuta shaidar ganin baƙon tsuntsu.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Ku tuna daren duban watan azumi. Mutum ba ya cewa na ga wata kawai a buga ganga. Sai ya je wurin dagaci ko hakimi, a tambaye shi: a ina ka tsaya, da ƙarfe nawa, ta wane gefen rana, ƙahonsa ina ya fuskanta, wa ke tare da kai? Daga nan magana ta hau zuwa fadar sarki, har ta kai ga kwamitin Sarkin Musulmi. Ba don an ɗauke shi maƙaryaci ake yi masa tambayoyin ba, sai don jama'a da yawa za su yi aiki da maganarsa. Haka masu kundin tsuntsaye suke yi. In ka aika sunan tsuntsun da ba a taɓa rubutawa a yankinka ba, ko ka ce ka gan shi a lokacin da ba a saba ganinsa ba, manhajar za ta ware rahoton, masu tantancewa su nemi ƙarin bayani. Kada ranka ya ɓaci.

Su ma wuya ce ta koya musu. A Ingila, tsakanin 1892 da 1930, an yi ta samun rahoton baƙin tsuntsaye daga kewayen wani gari mai suna Hastings, mafi yawansu ta hannun mutum ɗaya mai sana'ar gyara gawar tsuntsu yana sayar wa masu tarawa. An karɓa, an rubuta a littattafai, malamai sun koyar. Sai a 1962 masana suka zauna suka auna lissafin, suka ga ba yadda za a yi ƙaramin yanki ɗaya ya fi sauran ƙasar duka samun baƙi haka. Aka soke rahoto kusan 600 a lokaci guda. Ana kyautata zaton daga waje ake shigo da gawarwakin cikin ƙanƙara. Shekara da shekaru ana gini a kan ƙarya. Shi ya sa yau ko babban farfesa ne ya ce ya ga abin mamaki, sai an ce masa ina hujja.

To me ake so ka riƙe?

Rana da lokaci tukuna. Ka rubuta kwanan wata da shekara, na boko ko na Musulunci, duk ana iya juyawa. Ka rubuta da safe ne ko da yamma, da ƙarfe nawa in ka sani. Sai wuri. Kada ka ce a fadama, fadama faɗi gare ta. Ka ce gabas da Kadira, tafiyar rabin awa a ƙasa, wajen gulbin da ake kira kaza, kusa da tsamiyar nan. In wayarka ta zamani ce, tana iya ba ka lambobin wurin, ka kwafe su.

Sai siffar tsuntsun, kuma a nan ne aka fi tuntuɓe. Ka rubuta abin da idonka ya gani tun kana wurin, kafin ka buɗe littafi, kafin ka tambayi kowa. Zuciya tana da wayo: da zarar ka ga hoto a littafi, sai ta fara gaya maka ai wancan ma yana da farin layin nan a ido, alhali ba ka lura ba. Ka fara da girma: ya kai kurciya, ya kai zabo, ko ya kai dinya? In yana tsaye kusa da tsuntsun da ka sani, ka ce ya fi balbela tsawo ko bai kai ta ba, wannan ya fi kowane awo. Bakinsa dogo ne ko gajere, miƙaƙƙe ne ko ya lanƙwasa, sama ya lanƙwasa ko ƙasa? Ƙafafunsa wane launi, kuma ka tabbata ba laka ce ta shafe su ba? Da ya tashi, me ka gani a fiffike da bindi? Tsuntsaye da yawa sai sun buɗe fiffike asirinsu ke tonuwa. Me yake yi: nutso yake, tsince-tsince yake a gaɓa, ko shawagi? Shi kaɗai ne ko cikin garke? Guda nawa? In ka ƙirga ka ce na ƙirga, in kintace ka yi ka ce kintace ne. Nisanka da shi fa, kuma rana a bayanka take ko a idonka? Hazon hunturu yana sauya launi, ka ambata in akwai shi.

Abin da ba ka gani ba, ka rubuta ban gani ba. Wannan ba ya rage wa rahotonka daraja, ƙara masa yake yi. Mai tantancewa ya fi amincewa da wanda ya ce ƙafafun suna cikin ruwa ban ga launinsu ba, a kan wanda ya zayyano komai tsaf kamar a hannunsa tsuntsun ya kwana. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Akwai wata tambaya da ba ta taɓa faɗuwa: ta yaya ka san ba wancan ba ne mai kama da shi? Kusan kowane baƙon tsuntsu yana da ɗan'uwa na gida da ke kama da shi. Ka shirya amsarta.

Hoto kuwa, ko dishi-dishi ne ya fi babu. Ka ɗauka da yawa, ka ɗauki bidiyo in da hali. Mai madubin hangen nesa yana iya ɗora idon kyamarar waya a kan idon madubin, abin ya matso. Kada ka goge na asali, kada ka ƙara masa launi, domin a cikinsa ne waya ke ɓoye rana da lokaci. In ta WhatsApp za ka tura, ka tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse shi ya rasa kaifi. Kuma don Allah, samari, a daina ɗauko hoton tsuntsun wata ƙasa a Facebook a ce a Guri aka ɗauka. Ana ganewa, kuma daga ranar an daina yarda da kai ke nan.

Kada a raina murya. Akwai wani ɗan ƙaramin tsuntsu na bakin ruwa a yankin Tafkin Chadi da kogin Kwara wanda aka daɗe ana ɗaukarsa ɗaya da wani ɗan'uwansa na cikin ciyawa, saboda kamar ta yi yawa. Wani Bafaranshe mai naɗar kukan tsuntsaye, Claude Chappuis, shi ya bambanta su a 1974, kuma da kunne ya fara kama bambancin. Wayar da ke aljihunka tana naɗar murya. Ka danna, ka yi shiru, in ka gama ka faɗi rana da wuri da bakinka a ƙarshen naɗin. Wanda bai iya rubutu ba ma ga hanyarsa nan: ya faɗi duk abin da ya gani cikin waya, ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa da dare, da boko ko da ajami. Kuma kada wani ya ɗauka an gama gano komai. A 1998 ma an bayyana wani sabon nau'in ɗan tsuntsu a duwatsun Jos wanda ilimin duniya bai san da shi ba kafin nan.

In da mutum kusa, ka kira shi ya gani, shaida biyu ta fi ɗaya. Amma kowa ya faɗi nasa daban, kada ku haɗa baki ku daidaita.

Ga wani abu da ya shafi gauraka musamman. Tunda ana kiwonsa a gidaje, wanda ka gani a fadama yana iya zama na wani ne ya tsere. Ka duba: an yanke masa gashin fiffike? Akwai igiya ko tsumma a ƙafarsa? Yana gudun mutane ko yana matsowa kamar mai jiran a watsa masa dawa? Na gida da ya ɓalle daban, na daji da ya dawo daban, kuma na biyun shi ne babban labari. In Allah ya sa ka ga suna sheƙa, kada ka shelanta wurin a kasuwa ko a intanet. Masu kamawa su sayar suna sauraro. Ka gaya wa ma'aikatan gandun daji ko masu bincike kawai.

Kuma kada ka harbe tsuntsu don ka kawo hujja. A zamanin da Turawan farko suka yi wannan aiki, bindiga ce hujjarsu, gawa suke kaiwa gidan tarihi. An wuce nan.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Saura maganar zobe. Masunta da maharba sukan ci karo da tsuntsu da ɗan zoben ƙarfe a ƙafa, da rubutu a jiki. Wani ya ɗauka azurfa ce, wani ya ce asiri ne. Ba ko ɗaya. Ƙarfe ne marar tsada, lambar da ke jikinsa ita ce dukiyar.

Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya da sanyi ba, har wasu malamansu suka rubuta cewa cikin laka suke nutsewa su yi barci. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashi irin na tsakiyar Afirka soke a wuyanta. Da shi ta yi tafiyar dubban kilomita. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 wani malamin makaranta ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sanya wa tsuntsaye zobe mai lamba da adireshi, daga nan abin ya bazu duniya. Kowane zobe lambarsa daban, kuma akwai ofishin da ya rubuta ranar da aka sa shi da wurin. In ka mayar da lambar, an san tsuntsun nan daga ina ya taso, shekararsa nawa, ta ina ya bi. Ka kwafe duk abin da ke jiki, harafi da lamba, kada ka tsallake ko ɗaya, ka ɗauki hoto ta kowane gefe. In tsuntsun yana da rai, ka bar masa zobensa ka sake shi. In matacce ka tsinta, ka faɗi yadda ya mutu, ko a raga ne ko a tarko, ba don a kama ka ake tambaya ba. Sai dai kada ka taɓa mushen tsuntsu da hannu tsirara, musamman in ka ga sun mutu da yawa wuri ɗaya. Murar tsuntsaye ta shigo ƙasar nan tun 2006, irin wannan sai a sanar da malaman dabbobi.

Wasu kuma 'yar na'ura ake goya musu a baya mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. Ba leƙen asiri ba ne. A Masar, a 2013, an tsare wata shamuwa a ofishin 'yan sanda ana zargin 'yar leƙen asiri ce saboda irin wannan na'ura, daga baya aka gane ta masu bincike ce. Kusa da mu kuma, wata farar ungulu da aka sa wa na'ura a ƙasar Girka, aka raɗa mata suna Paschalis, ta ƙetare teku da hamada lafiya, amma a 2014 maharbi ya kashe ta a jihar Damagaram don a sayar wa masu haɗa asiri a Najeriya. Na'urar ce ta tona inda abin ya faru.

Tunda mun ambaci ungulu, ku tambayi kanku: yaushe rabonku da ganin ta a mahauta? A da ba mai ɗaga kai ya dube ta. A 2015 aka sanya irin ungulun nan ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Ba wanda ya damu ya rubuta ta lokacin da take ko'ina, shi ya sa nake roƙon kada a jira sai baƙo. Ranar da shamuwa ta fara sauka a garinku bana, a rubuta. Ranar da agwagin Turai suka iso, a rubuta. Ranar da aka je wurin da aka saba ganin dinya ba a ga ko ɗaya ba, ita ma a rubuta.

Kowace shekara a watan Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashen duniya lokaci guda, aikin da aka fara tun 1967, kuma fadamar nan tana cikin wuraren da ake ƙirgawa a Najeriya. Ina kira ga malaman makarantun firamare da sakandare na ƙaramar hukumar Guri: a sayi littafin rubutu guda ɗaya, a ajiye shi a ofishin shugaban makaranta, yara su riƙa kawo abin da iyayensu suka gani a ruwa da gona, da rana da wuri. Sarakunan ruwa su ma su sa baki, masunta suna jin maganarsu. In masu ƙidaya sun zo a Janairu, a fito da littafin a nuna musu.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)